Kada Ki Yar Da Tsohuwar Kujerarki

Yau zancenmu a kan kujerun kushin ne, waɗanda ba a kai amarya sai da su, tun daga Gulma har Argungu da Birnin Kebbi. Kowa ya san wahalar da iyaye ke sha kafin su saye su, wani uban har shinkafar da ya noma a fadama yakan sayar. Amma da yadi ya yage, sai ka ga an jefa kujera bayan ɗaki, ruwa da gara su ƙarasa ta. Wannan kuwa asara ce, domin katako shi ne kujera, yadi riga ce kawai.

Da fari ki girgiza ta ki gani. In katakon ya rube, wannan aikin kafinta ne. In da ƙarfinsa, to, sauran aikin ba ya fi ƙarfinki. Ki nemi guduma, da filaya, da almakashi, da ƙananan ƙusoshi. Ki cire tsohon yadin a hankali, kada ki kekketa shi, domin shi ne ma'auninki. Ki shimfiɗa shi bisa sabon, ki yanka, kina ƙara inci 2 a kowane gefe. Sa'an nan ki kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗan katakon saboda kuɗin cizo, ki shanya ya bushe sarai. Don haka rani ya fi dacewa da wannan aiki.

Robar da ke ƙarƙashin mazauni in ta saki, ki yanka tsohon tib na mota ki ɗaure tamau, ki rufe da buhu. In soson ya mutu kuma kuɗi ba su kai ba, ga audugar rimi. Ba ta da nauyi, ba ta saurin shan ruwa, har a yaƙin duniya na 1939 zuwa 1945 da ita aka riƙa cika rigunan ceto na ma'aikatan jiragen ruwa. Ki tsince 'ya'yan saboda ɓera, ki ɗura ta cikin matashi. Amma fa ki nisanta ta da fitila, gama wuta na kama ta nan da nan.

Wajen sa sabon yadi, ki fara kafa ƙusa a tsakiyar kowane gefe, kina ja kina bi zuwa kusurwa, ki bar kusurwoyi sai ƙarshe. Ta haka ba zai tattare ba.

Abu na ƙarshe, mu mutanen bakin gulbi ba mu manta da ambaliyar 2020 ba. In damina ta kama, ki ɗora ƙafafun kujera bisa bulo, ki janye ta daga jikin bango. Ki fara da ƙaramar kujera, in hannunki ya faɗa kya kama doguwar. Da rarrafe yaro kan tashi.

Allah ya ba da sa'a, amin. Sai mako mai zuwa.