CIZON HAƘORA CIKIN BARCI: YADDA ZA MU KARE HAƘORANMU

A ƙauyukanmu na kewayen Aujara da sauran ƙasar Jahun akwai mutane da yawa da ke tashi da safe da ciwon muƙamuƙi, ko ciwon kai a gefen kunne, ba su san dalili ba. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce kwanciya ce ba ta yi daidai ba. Sau da yawa kuwa cizon haƙora ne cikin barci. Likitoci sun ƙiyasta cewa wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna yinsa.

Mai yin abin ba ya sani. Matarsa, ko mijinta, ko wanda suke ɗaki ɗaya shi ke jin ƙarar, kamar ana gurza tsakuwa. Saboda haka in mun ji, kada mu yi shiru don kunya, kada kuma mu mai da shi abin dariya. Mu faɗa wa mutumin.

Ɓarnar da yake yi

Kowa ya san dutsen niƙa. In babu hatsi a tsakani, dutse da ɗansa su ke cin juna. Haka haƙoran sama da na ƙasa suke yi dare bayan dare. Babba yana da haƙora 32, kuma farin ɓawon da ke rufe su, in ya cinye, ba ya sāke tsirowa. Daga nan sai haƙori ya gajarce, ya riƙa tsami in an sha ruwan randa ko shayi mai zafi, wani ma ya tsage. Naman muƙamuƙi kuma ya kwana yana aiki, shi ya sa yake ciwo da safe.

Me ke kawo shi?

Babban abin da ke tsananta shi damuwa ce: bashin taki, rumbu ya yi ƙasa tun kafin damina, ko hasara irin ta ambaliyar da ta ci gonaki a Jihar Jigawa a 2020 da 2022. Goro, shayi mai kauri da kofi da dare suna ƙara shi, haka ma taba da giya. Ana kuma samunsa ga masu minshari mai ƙarfi waɗanda numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci.

Yara ma suna yi, har sun fi manya. Akan ce tsutsar ciki ce, amma kada a ɗura wa yaro magani a kan zato. A kai shi asibiti a duba. Yawancinsu suna bari da kansu sa'ad da suke girma.

Robar kare haƙora

Akwai wata roba da ake sawa a baki lokacin kwanciya. Takan rufe jerin haƙora ɗaya, yawanci na sama, don cizon ya ƙare a kanta. Kamar takalmi take: ba ya kawar da ƙaya daga hanya, amma yana kare ƙafa. Robar ba ta warkar da cizon, sai dai ta hana haƙora cinyewa, ga mutane da yawa kuma takan rage ciwon safe.

Iri biyu ce. Wadda ta fi kyau ita ce wadda likitan haƙori zai auna bakin mutum ya sa a yi masa daidai da haƙoransa. Ɗayar ana sayarwa a wasu kantunan magani na birni, a tsoma ta a ruwan zafi ta yi laushi, a ciza ta ɗauki siffar haƙora. Ta fi araha, amma ba ta daɗewa, in kuma ba ta zauna daidai ba tana iya ƙara ciwon. Shawararmu ita ce a fara da babban asibitin Jahun, a nemi a tura mutum wurin likitan haƙori a Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Wanda ya sami robar ya kiyaye waɗannan:

1. Ya yi asuwaki ko buroshi kafin ya sa ta.
2. Da safe ya wanke ta da ruwan sanyi da sabulu. Ruwan zafi yana lanƙwasa ta.
3. Ta bushe kafin a ajiye ta a wuri mai tsabta, nesa da yara da ɓeraye.
4. Ba a aronta, ko tsakanin miji da mata.
5. Kada a sa wa yaro sai da izinin likita, gama haƙoransa suna kan fitowa.
6. In ta tsage, ko haƙora sun daina haɗuwa kamar dā, a koma wurin likita. Mai minshari kuma ya faɗa wa likita tun kafin a yi masa ita.

Abin da za mu iya yi a gida

Kafin a sami kuɗin zuwa birni, a bar goro da shayi daga la'asar. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a dafa a muƙamuƙi kamar minti 10 kafin a kwanta. In ana ciwo, a huta da rake, aya, kilishi da tauna ƙashi, a koma ga kunu, fura da tuwo mai laushi. Da rana kuma mu lura: in ba ci ake yi ba, leɓe a rufe, haƙora a sake. Damuwar da ke zuciya kuwa, kada a kwana da ita a ɓoye. A yi addu'a, a kuma faɗa wa amini ko dattijon da aka yarda da shi.

Gargaɗi

In muƙamuƙi ya ƙage, baki ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, musamman bayan saran fartanya ko taka ƙusa, wannan ba cizon barci ba ne. Yana iya zama ciwon sarƙe-haƙora, wanda ke kisa. A garzaya asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.

Haƙori kyautar Allah ne, wanda ya fita a bakin babba ba ya dawowa. Mu lura da juna, gama rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.