Wayar Hannu da Matsayin Mai Ita a Alsahafa ta Khartum

Wayar hannu ta shiga Sudan a 1997, shekarar da kamfanin Mobitel ya fara aiki a Khartum, kuma a farkon zuwanta kayan manya ce. Layi yana da tsada, wayar kanta tana da tsada, sabis kuma bai yi nisa da babban birni ba. Duk wanda aka ga ya zaro ta a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki, an san ko dai babban ɗan kasuwa ne, ko jami'in gwamnati, ko wanda ya dawo daga neman kuɗi a Saudiyya. A wancan zamani da an tambayi mutum ko waya tana nuna matsayi, da ya yi mamakin tambayar. Amma a cikin shekaru kusan talatin da suka biyo baya amsar ta sauya fiye da sau ɗaya, kuma unguwar Alsahafa wuri ne da ake iya bin sawun wannan sauyi daki-daki.

Alsahafa tana kudancin Khartum. Unguwa ce ta masu matsakaicin hali: malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati, masu shaguna, da tsofaffin da suka yi ritaya. A cikinta asibitin Ibrahim Malik yake, kusa da ita kuma akwai babbar tashar motoci ta Mina al-Barri da babbar kasuwar kayan miya ta Suk al-Markazi. Jami'ar Afirka ta Duniya, wadda ɗalibai daga Kano da Sakkwato da Maradi suka daɗe suna zuwa karatu, ba ta da nisa da ita. Daga arewa akwai unguwannin masu hali irin su Amarat, daga kudu kuma akwai Mayo, unguwar talakawa, inda Hausawan Sudan da yawa suke zaune, jikokin mahajjatan da suka yada zango a kan hanyar Makka da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Saboda haka motar haya ɗaya da ta ratsa Alsahafa kan ɗauko mai kuɗi da ma'aikaci da ɗan dako, kowa da irin wayar da ke aljihunsa.

Kafin wani abu ya zama alamar matsayi, sai ya yi wuyar samu, sai ya kasance ana ganinsa a fili, sannan sai ya yi wuyar kwaikwayo. Masanin tattalin arziki na Amurka Thorstein Veblen ya yi bayanin wannan ɗabi'a tun 1899, inda ya nuna cewa mutane kan kashe kuɗi a kan wasu kayayyaki domin a san suna da kuɗin kashewa. Wayar hannu ta farko da aka sayar a duniya, ta kamfanin Motorola, an sa mata farashin dala 3,995 a 1984, alhali ba ta iya komai sai kira. A Najeriya ma, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a 2001, kuɗin layi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata guda. A duk waɗannan wurare waya ta cika sharuɗɗan nan gaba ɗaya. Tun daga nan sai ta riƙa rasa su ɗaya bayan ɗaya.

Wuyar samu ce ta fara tafiya. A 2005 kamfanin Areeba ya shigo kasuwar Sudan, wanda daga baya ya koma MTN, kamfanin Sudatel kuma ya buɗe layinsa mai suna Sudani, ba a jima ba Mobitel ya koma hannun wani kamfanin Kuwaiti ya zama Zain. Wannan gasa ta zo daidai da shekarun kuɗin man fetur, sai farashin layi ya faɗi warwas. Ƙananan wayoyin Nokia suka cika kasuwa, bayansu wayoyin Sin, musamman Tecno da Itel na kamfanin Transsion, masu ɗaukar layi biyu da baturi mai jimiri, abin da ya dace da garin da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa. Ba a jima ba mai sayar da shayi a gindin bishiya ta mallaki waya, direban raksha, wato keke mai ƙafa uku, ya mallaka, mai wanki da guga ma haka. Talakawa suka ƙirƙiro hanyoyinsu na amfani da ita. Akwai miskol, wato a buga a katse domin wancan ya kira. Akwai kuma tura rasid, wato kuɗin kira, zuwa ga wani mai shago a garinsu, shi kuma ya cire ladansa ya ba iyali sauran a hannu. Shekara da shekaru wannan ita ce hanyar da leburan Khartum ke aika kuɗi gida, tun kafin bankuna su farga.

Da kowa ya samu, sai ido ya koma kan irin wayar. Ƙaramar mai maɓallai, wadda 'yan Sudan ke kira rabika, ta zama ta tsofaffi da marasa hali, matasa kuma suka koma rububin BlackBerry, daga nan Samsung, daga nan iPhone. A Sudan akwai wani dalili na musamman da ya ƙara wa iPhone kwarjini. Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin tattalin arziki a 1997, shekarar da wayar ta iso, saboda haka kayan kamfanonin Amurka ba sa shigowa ta hanyar wakili na hukuma, rumbunan manhajojinsu ma a toshe suke ga mai zama a Sudan sai ya bi ta bayan gida. Sai a Fabrairun 2015 aka sassauta takunkumin a kan kayan sadarwa, aka ɗage mafi yawansa a Oktoban 2017. Kafin nan, mai riƙe da sabuwar iPhone yana sanar da abu biyu a lokaci guda: yana da kuɗi, kuma yana da wani a waje. Mugtaribin, wato 'yan Sudan masu aiki a Saudiyya da Dubai da Ƙatar, su ne babbar hanyar shigowar irin waɗannan wayoyi, kuma tsarabar da ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa suka fi sa rai a kai ke nan idan kawu ya zo hutu. Wanda ba shi da kowa a waje sai ya nufi shagunan Afra Mall, wanda aka buɗe a 2004 ba nisa da Alsahafa, ko na Suk al-Arabi a tsakiyar gari.

A nan ne raunin wannan alama ya fara bayyana, domin sharaɗi na uku bai tsaya ba. Waya abu ce mai sauƙin kwaikwayo. Akwai ta hannu da ake kwasowa daga Dubai, akwai jabu wadda sai an kunna ta ake ganewa, akwai wadda aka canja wa gilashi da murfi ta koma kamar sabuwa, akwai kuma ta bashi. Saurayi yana iya tara kuɗin wata shida ya saya, ya rasa na sa mata kati. Irin wannan burga tana cin kasuwa ne a inda ba a san juna ba: harabar jami'a, wurin shan shayi a bakin Nilu, ko hoton da aka ɗora a Facebook. A cikin unguwa kuwa, inda aka san gidan kowa da sana'ar ubansa, ba ta ruɗar kowa. Ma'aunin dattawan Khartum da Omdurman bai gusa ba: gida na kanka, fili, zinaren da ke hannun maiɗaki, 'ya'yan da suka yi karatu, da yawan mutanen da ke cin abinci a ƙofar gidan. A Suk Libya ta Omdurman ba abin mamaki ba ne a ga attajirin da ke juya dukiya mai yawa yana ciniki da ƙaramar rabika, yaron shagonsa kuma yana riƙe da wayar da ta ninka ta maigidan sau ashirin a kuɗi. Wanda ya san kasuwar Kantin Kwari ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Wurin da burgar ta fi yin tasiri shi ne neman aure. Abin da Bahaushe ke kira lefe, 'yan Sudan suna da makamancinsa mai suna shaila, kayan da ango ke kaiwa na tufafi da turare da zinare, kuma a can ma ana baje su mata su gani su yi magana. Waya ta samu gurbi a cikin kyaututtukan da saurayi ke yi wa budurwa, ƙawaye kuma sukan auna shi da irin wadda ya saya. Wannan nauyi ne na gaske a kan matasa, domin ita waya, saɓanin zinare, darajarta raguwa take yi kullum, kuma sabon samfuri na fitowa kowace shekara.

Daga 2011, da Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, fam ɗin Sudan ya shiga faɗuwa. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajarsa daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 400 cikin ɗari a tsakiyar shekarar. Tun da da dala ake shigo da waya, sai mai tsada ta sake yin nisa da hannun ma'aikaci, ta kuma zama kadarar da ake sayarwa ranar da ta ɓaci. A wannan lokaci ne 'yan fizge da ake kira tis'a tawila suka addabi Khartum, suna bin mutane a kan babur suna warce waya da jaka. Sai sharaɗin gani ma ya soma lalacewa. Mai babbar waya ya koyi barin ta a aljihu idan yana tsaye a tasha, wasu ma suka sayi ƙarama ta fita kasuwa.

A daidai wannan tsakani waya ta samu wani aiki da ya fi burga nauyi. A 2018 takardun kuɗi suka yi ƙaranci, mutane suna kwana a layin banki, sai manhajar Bankin Khartum, wadda aka sani da Bankak, ta zama hanyar biyan kuɗin haya da cefane. Zanga-zangar da ta fara a Disambar 2018 ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a ranar 11 ga Afrilun 2019, kuma da wayoyi aka riƙa shirya ta ana ɗaukar hotunanta, shi ya sa sojoji suka rufe intanet sama da wata guda bayan kisan da aka yi wa masu zanga-zangar da ke zaman dirshan a ranar 3 ga Yuni. Daga nan rabuwar da ke da ma'ana ta koma tsakanin mai wayar da ke shiga intanet da wanda ba shi da ita. Tecno mai araha da iPhone mai tsada duk Bankak ɗaya suke buɗewa. Ga Hausawan Sudan akwai ƙarin wani mataki a nan. Rajistar layi da buɗe asusun banki suna bukatar lambar ɗan ƙasa, kuma iyalai da dama masu asali daga Afirka ta Yamma sun daɗe suna shan tambayoyi kafin a ba su takardun zama 'yan ƙasa, ko da kakanninsu a Sudan aka haife su. Ga irin waɗannan, layi da asusu da ke ɗauke da sunan mutum na kansa sun fi nuna matsayinsa a ƙasar fiye da tambarin da ke bayan wayar.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya fara ne a kudancin Khartum, kusa da Alsahafa, kuma yankin ya daɗe a hannun RSF. Waya na cikin abubuwan farko da ake ƙwacewa a gidaje da shingayen bincike, tare da mota da zinare. Mai tsada ta koma abin da ke jawo wa mai ita ido. Abin da ke cikinta ma haɗari ne, domin masu bindiga a ɓangarorin biyu kan buɗe ta su duba hotuna da saƙonni, su yanke wa mutum hukuncin ko na wane ɓangare ne. Mutane suka riƙa goge komai kafin su kama hanya. Duk da haka ba a iya rabuwa da ita. Bankuna sun rufe, an wawashe wasu, kuɗin da 'yan'uwa ke turowa daga waje ta Bankak suke zuwa, kuma da su ne matasan unguwanni ke tafiyar da takaya, wato wuraren dafa abinci na sadaka da suka ciyar da waɗanda ba su samu ficewa ba. Mai bukatar takardun kuɗi a hannu sai ya tura wa ɗan kasuwa ta waya, a cire wani kaso a ba shi sauran.

A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk ƙasar, Khartum kuma ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Sai aka koma ga na'urorin Starlink masu kama intanet daga tauraron ɗan'adam, waɗanda aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya. Mutane kan yi tafiya mai nisa su biya kuɗin awa ɗaya domin su karɓi saƙon kuɗi, su sanar da dangi suna raye. Wannan ya yi kama da abin da aka gani a Darfur daga 2003, lokacin da wayar Thuraya ta tauraron ɗan'adam ta zama shaidar kwamanda ko babban fatake. A Khartum ta lokacin yaƙi, mai faɗa a ji shi ne mai na'urar Starlink, da mai farantin hasken rana da ake cajin waya a wurinsa, kuma yawancin wuraren Starlink a yankunan RSF suna hannun mayaƙan ko masu hulɗa da su.

Sojoji sun sake karɓe birnin Khartum a Maris na 2025, mazauna unguwannin kudu kuma suka fara komawa kaɗan-kaɗan, suna tarar da gidaje babu ƙyaure babu wayoyin lantarki. A kasuwannin da suka sake buɗewa, abin da mai saye ke tambaya shi ne ƙarfin baturi, da ko wayar tana ɗaukar Bankak da WhatsApp ba tare da tsayawa ba. Gasar sabon samfuri ba ta mutu ba, amma ta fi ƙarfi a inda masu hali suka koma, wato Bur Sudan da Alƙahira da biranen Tekun Fasha, da kuma tsakanin matasa a shafukan sada zumunta. Canjin takardun kuɗi da gwamnati ta fara a Disambar 2024, wanda ya tilasta wa mutane zuba tsofaffin kuɗinsu a asusun banki, ya ƙara tura har tsofaffin da suka saba da rabika zuwa ga wayar da ke shiga intanet.