Bayan Doguwar Naƙuda: Wa Ke Duba Zuciyar Mai Jego?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta da damina, ko ya ratsa ƙauyukan Bichi, Minjibir da Makoɗa, zai ga gonakin gero da dawa da gyaɗa sun haɗe da gidaje, babu wani fili da aka bari banza. A irin waɗannan gidaje ne mata da yawa ke haihuwa, a hannun ungozoma ko wata dattijuwa, ba a tunanin asibiti sai naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, matan da suka haihu a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya wajen ciki da haihuwa 'yan Nijeriya ne. Wannan magana an sha yin ta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin waɗanda suka tsira da ƙyar: wadda ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, wadda jijjiga ta kama, wadda jini ya ɓalle mata, wadda aka yi wa tiyatar gaggawa, ko wadda ta dawo gida hannu rabbana, an binne jaririn tun ba ta farfaɗo ba.

Ciwon da ba a gani

Likitoci sun raba matsalar kashi-kashi. Akwai 'yar damuwa da saurin kuka da ke zuwa a kwanakin farko, wadda takan wuce da kanta cikin mako biyu. Akwai ciwon damuwa na sosai, inda mai jego za ta rasa barci ko da jariri ya yi barci, abinci ya fita ranta, ta riƙa ganin laifin kanta, har ta kasa jin daɗin ɗanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, kusan mace ɗaya cikin biyar na fuskantar irin wannan larura bayan haihuwa. Akwai kuma firgicin da ke biyo bayan wahala, watau mace ta riƙa mafarkin ranar naƙuda, gabanta ya faɗi in an ambaci asibiti, ta ji tsoron sake ɗaukar ciki. Mafi tsanani shi ne taɓin hankali na bayan haihuwa, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu. Shi kam ba ya jira: a kai ta asibiti a ranar.

A karkara, al'ada ta koya wa mace dauriya. Ana yaba wadda ba ta yi kuka ba wajen naƙuda, kunyar ɗan fari kuwa takan hana yarinya nuna abin da ke ranta. Saboda haka idan mai jego ta yi shiru, sai a ce kawaici ne. Idan ta fara surutai, sai a ce iskoki ne ko sammu. Addu'a abu ne mai kyau, amma ba ta hana neman magani ba.

Mafi shan wahala su ne masu yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ke haddasawa. Tun shekarun 1980 likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke irin waɗannan mata a Babbar Ruga ta Katsina, kuma a Kano akwai Cibiyar Laure a Asibitin Murtala. Amma ɗinki yana gyara jiki ne kawai. Matar da aka ƙaurace wa, ko aka sake ta saboda larurar, tana bukatar wanda zai ɗinke mata zuciya.

Abin da ke hannunmu

Ba lalle ne a jira babban likita ba. A karkarar Rawalpindi ta ƙasar Pakistan, an horar da mata ma'aikatan lafiya na ƙauye su riƙa ziyartar masu ciki da masu jego, suna sauraronsu, suna taimaka musu su sauya tunani. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa bayan wata shida, waɗanda ciwon bai sake su ba a cikin matan da aka ziyarta haka ba su kai rabin na ɗaya rukunin ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da wannan tsari littafin horarwa. Akwai kuma wasu tambayoyi goma da aka tsara a Edinbara a 1987, waɗanda ma'aikaciyar jinya za ta iya yi wa mai jego cikin 'yan mintoci.

Jihar Kano ba ta rasa tushen ginawa ba. Akwai makarantar ungozoma a Ɗambatta, akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, ga sashen wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A watan Janairu na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Abin da ya rage shi ne a sa wannan darasi cikin horon ungozomomi, a kuma umarci kowace ƙaramar asibiti ta tambayi uwa halin da take ciki ranar da ta kawo jariri rigakafi.

Ita ma al'ada tana da nata alheri. Kwana arba'in na wankan jego da zuwa wankan gida suna ba mace hutu da kulawar mahaifiyarta. Sai dai kada kulawar ta tsaya ga ruwan zafi da kunu. A ɗauke mata daka da surfe da girkin masu aikin gona, a bar ta ta yi barci, a zauna a ji ta bakinta ba tare da gori ba. Wadda ta rasa ɗa, a bar ta ta yi kukanta. Maigida kuwa ya sani cewa fushinta ko shirunta ba raini ba ne. Idan ta wuce mako biyu cikin ƙunci, ko ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, to, kada a kwana ba a nemi ma'aikacin lafiya ba.

Ma'aikatan gwamnati da ɗalibai da ke karanta wannan shafi, yawancinku kuna da ƙanwa ko matar wa a ƙauye. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. In kun je barka ko suna, bayan kun ɗauki jariri, ku dubi fuskar uwar, ku tambaye ta yadda take kwana.