Kafin Ka Buɗe Homer da Turanci

Ɗalibin da aka ɗora wa karatun Iliad ko Odyssey a ajin adabi yakan fara ne da ƙamus a hannun dama, littafi a hagu. Kafin ya kai shafi na biyar ya gaji, ya ɗauka Turancinsa ne bai nuna ba. Sau da yawa matsalar tana ga fassarar da ya ɗauko. Waƙoƙin nan biyu da ake dangantawa da Homer da tsohon Girkanci aka tsara su, wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma kowane mai fassara da irin Turancinsa. George Chapman ya fitar da cikakkiyar Iliad a 1611, Alexander Pope ya yi tasa daga 1715 zuwa 1720, har yana kiran Odisiyus, gwarzon Odyssey, da sunansa na Romawa, Ulysses. Wanda ya soma da waɗannan ya tsoma ƙafa a kogi ba tare da ya gwada zurfinsa ba. Fassarar Odyssey ta E. V. Rieu ta 1946 zube ce mai sauƙi, ta Emily Wilson ta 2017 kuwa waƙa ce da Turancin yau.

To, in an samu fassara, wace kalma za a haddace? Iliad ta haura baiti 15,000, amma kalmominta masu wuya 'yan kaɗan ne da ke ta komowa. Dalili shi ne waƙar baka ce. Milman Parry, wani malami Ba'amurke, ya bi mawaƙan gargajiya na Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935, ya ga yadda mawaƙi ke riƙe da jimloli shiryayyu yana cike karin waƙa da su. Haka Homer yake. Abin da malaman adabi ke kira epithet, kirari ne kawai: sau da yawa in an ambaci Akilis, gwarzon Iliad, sai an tuna saurin ƙafarsa, ko da a zaune yake. Bahaushen da ya taɓa jin maroƙi yana wasa basarake ba ya bukatar dogon bayani a nan. Haka ma kiran mutum da sunan ubansa: Atrides ɗan Atreus ne. Sunayen Achaeans da Argives da Danaans kuma duk Girkawa ake nufi, kada ka zaci runduna uku ce ta yi wa birnin Troy ƙawanya.

Kayan yaƙi ba su da wahala ga wanda ya kalli hawan sallah. Helmet kwalkwali ne, shield garkuwa, spear mashi. Greaves ce baƙuwa, wato ƙarfen da ke kare ƙwauri.

Inda ƙamus ke kasawa shi ne kalmomin al'ada. Libation zuba giya ce a ƙasa don abin bautar Girkawa, hecatomb kuma babbar hadaya, asalinta shanu 100. Ɗauki suitors. Ƙamus zai ce manema aure, amma mazan nan 108 da suka tare a gidan Odisiyus suna neman matarsa Penelope sun shekara uku suna yanka masa dabbobi, suna shanye masa giya. Laifinsu keta xenia ne, wato haƙƙin da ke tsakanin baƙo da mai masauki, wanda Girkawa suka ɗauka abin bautarsu Zeus da kansa ke tsaronsa. Wanda bai riƙe wannan kalma ba, zai ga kisan da Odisiyus ya yi musu ya wuce gona da iri.

Shawarata, ka ware 'yan shafuka a littafin rubutunka, duk kalmar da ta dawo sau uku ka rubuta ta tare da abin da ake yi a wurin da ta fito. Wadda ta zo sau ɗaya, ƙyale ta ta wuce. Wasu ma ka riga ka san su: mentor da ake faɗa a ofis sunan Mentor ne, amintaccen da Odisiyus ya bar wa amanar gidansa da zai tafi yaƙi.