Babi na Tara: Kason Jami'a a Cikin Tallafin Bincike

Tallafin bincike ba kuɗin malamin da ya rubuta takardar nema ba ne, ko da kuwa shi ya yi ta kwana a kanta. Jami'a ake ba, ita ke sa hannu, ita kuma za a kama in an yi ba daidai ba. Shi ya sa yarjejeniyar ke fara sauka a ofishin kula da tallafi, a bi ta sharaɗi bayan sharaɗi: wa zai mallaki abin da aka gano, ko mai kuɗin na iya hana buga sakamako, yaushe za a kai rahoto. Wannan aikin lauyoyi ne, sun kuma san shi.

Inda ake ta da jijiyar wuya shi ne kason jami'a, wato kuɗin wuta da ruwa da ɗakin karatu da albashin akanta, abubuwan da bincike ke ci amma ba a iya rubuta su da sunan aiki guda. Kullum sai ka ji an ce wai jami'o'in Amurka na cinye rabin tallafi. Haba! Ai ba haka ake lissafin ba. In aka ce kashi 50, a kan kuɗin aikin ake ɗora shi. Aikin dala 100,000 sai a ƙara masa 50,000, jimla 150,000. Kason jami'a ya zama ɗaya bisa uku ke nan, kuma ba a sa kuɗin manyan na'urori cikin lissafin.

Zargin dai yana da tushe. A 1991 wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ƙarƙashin John Dingell ya bankaɗo littattafan Jami'ar Stanford, ya tarar an cusa kuɗin wani jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Victoria cikin abin da ake cajin gwamnati, har da furannin gidan shugaban jami'a. Furanni fa, da kuɗin binciken kimiyya! A wannan shekarar, shugaban, Donald Kennedy, ya ba da sanarwar murabus, gwamnati kuma ta ƙayyade ɓangaren gudanarwa na kason jami'o'i kada ya wuce kashi 26. Masu ba da labarin jirgin sukan manta cewa da aka sasanta a 1994, ba a sami Stanford da laifin zamba ba.

Rigimar ta sake tashi a Fabrairun 2025, da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta ce ta rage kason zuwa kashi 15 ga kowa. Cikin 'yan kwanaki wata kotun tarayya a Boston ta dakatar da matakin.

To, mu fa? Jami'ar da ke wajen Amurka, a Zariya take ko a Kano, kashi 8 kawai NIH ke ba ta, Gidauniyar Gates kuma ba ta wuce 15. Ga firjin ajiyar jini da ba ya kwana sai janareta ya kwana yana shan dizal. Wanda zai sa wa jami'arsa hannu ya nemi a rubuta dizal da intanet cikin kuɗin aikin kai tsaye, muddin ƙa'idar mai ba da tallafin ta yarda, kuma ya nema tun kafin a sa hannu, don bayan nan da wuya a saurare shi.