Yaran da Suka Faɗi a Gaban Alƙali

Ranar Juma'a, 1 ga Nuwamba 2024, aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, gaban Mai Shari'a Obiora Egwuatu. Da yawansu yara ne da ko gashin baki bai tsiro musu ba, akasari daga Kano. Tun watan Agusta aka kwashe su, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, suka shafe kusan wata 3 a tsare. Cikin tuhumar da ake musu har da cin amanar ƙasa, laifin da kan kai ga hukuncin kisa.

Zama bai yi nisa ba, huɗu suka yanke jiki suka faɗi. Wanda ya ga bidiyon abin da ya faru ba zai manta ba: yara kwance a ƙasa suna murƙususu, haƙarƙari a waje, lauyoyi sun sunkuya a kansu, sauran kuma na wawason biskit. Alƙali ya dakatar da zama. Da ya dawo, ya sa belin kowannensu a kan naira miliyan 10. Ina talakan da kwanon masara ya gagara zai samo wannan?

Ƙasa ta ɗauki ɗumi. Ranar Litinin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, washegari Mataimakinsa Kashim Shettima ya miƙa su ga Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano da Gwamna Uba Sani na Kaduna.

Kyamara ce ta cece su, kuma wannan ne ke damuna. Iyaye a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura da ke Jigawa, waɗanda 'ya'yansu ke shiga Kano cirani, sun san yadda yaro kan ɓace a hannun hukuma ba mai ɗaukar hotonsa. Kusan biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu komai ba. A 2019 doka ta sauya wa gidan suna, ya koma na gyaran hali, amma wane hali za a gyara wa mutumin da ba a tabbatar da laifinsa ba?

A sa wa tsarewa wa'adi, alƙalai su riƙa leƙa ɗakunan tsare mutane da ƙafarsu, a daina haɗa yaro da ƙasurguman 'yan fashi. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi ke da ikon gina nasu gidajen. Ya kamata Jigawa ta fara da na yara, mai aji, malami da ma'aikacin jinya.