Kaitin: Sinadarin Da Ya Shekara Kusan Biliyan Ɗaya Yana Kare Halittu

Ɓawon fara, kwanson ƙaguwa da jikin laimar kwaɗi duk sun haɗu a kan sinadari guda mai suna kaitin. Wani dogon zare ne na sukari mai ɗauke da naitirojin, wanda idan ya sarƙe yakan yi tauri, kuma ruwa ba ya narkar da shi. Masanin Faransa Henri Braconnot ne ya fara gano shi a 1811 cikin laimar kwaɗi, sannan Auguste Odier ya raɗa masa suna a 1823.

Tun kafin a sami dabbobi da itatuwa a doron ƙasa, akwai ƙananan halittu masu cibiya a cikin ƙwayar jikinsu. Wasunsu sun kewaye kansu da bango domin kada ruwan da ke shiga cikinsu ya fasa su. Tsirrai sun gina nasu bangon da seluloz, dangin fumfuna kuwa suka dogara da kaitin.

A 2019, masu bincike ƙarƙashin Corentin Loron na Jami'ar Liège da ke Beljiyam suka bayyana burbushin wata halitta daga arewacin Kanada, mai shekara miliyan 900 zuwa biliyan 1, da alamun kaitin a bangonta. A 2020 aka ba da rahoton irin wannan daga yankin Mbuji-Mayi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, mai shekara miliyan 715 zuwa 810.

Wannan tarihi ya shafi lafiyar jama'a kai tsaye. Fumfuna ta fi kusanci da dabbobi fiye da tsirrai, don haka maganin da zai kashe ta yakan iya cutar da majiyyaci. Sai dai ƙwayar jikin mutum ba ta da bango, shi ya sa masu harhaɗa magunguna ke auna bangon fumfuna. Haka nan ƙwayar amiba mai haddasa atini tana lulluɓe kanta da kaitin, abin da ke ba ta damar daɗewa cikin gurɓataccen ruwa har wani ya sha.

A 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin farko na nau'o'in fumfuna 19 masu barazana ga lafiya, ta kuma yi gargaɗin cewa wasunsu na ƙara bijire wa 'yan magungunan da ake da su.